Fentin da aka wanko daga ramin kuza: tafiya wurin wata mai zane a Jos

Wanda zai tafi Jos daga Abuja gara ya kama mota da asuba, kafin cunkoson Nyanya da Mararaba ya tashi, in ba haka ba sai rana ta take bai ga Keffi ba. Na nemi kujerar bakin taga, domin wadda zan je wurinta mai zane ce da ke haɗa fentinta da ƙasar Filato, ta kuma ce in fara kallon aikin tun a hanya, duk inda aka datse tudu titi ya ratsa. Daga Keffi zuwa Akwanga ja ne ya yi yawa, da ɓawon marmara a sama. Bayan Akwanga hanya ta bi ta Gwantu da Fadan Karshi har ta iso gindin Hawan Kibo, inda manyan motoci ke nishi a giya ɗaya, kunne kuma ya soma toshewa. Da an haye sai iska ta sauya. Abuja tana wajen mita 500 sama da teku, Jos kuwa ta haura 1,200. Daga Riyom zuwa Bukuru ne za ka fara ganin tarin ƙasa fari-fari da rawaya-rawaya a tsakiyar fili, da kududdufai masu ruwa kore, da layukan itacen turare da aka dasa a kan ƙasar da aka birkice. Duk wannan gadon haƙar kuza ne.

Tun kafin Turawa su zo maƙeran Liruwe suna narka kuza, amma kamfanonin Ingila ne suka mayar da abin babbar harka daga farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914. Da Japan ta ƙwace Malaya, wani ɓangare na Malesiya ta yau, a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato da aikin tilas, ɗiban gwamna, har zuwa 1944. Aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa aka zube su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan injuna suka tsaya, aka bar ramuka. Yau ruwan ramukan ne ke shayar da kabeji da karas da tumatir na noman rani, 'yan loto kuma suna nan suna haƙar kuza da hannu.

Ɗakin aikinta shago biyu ne a bayan gida, a wata unguwa da ke kusa da titin Bauchi. Bokitai sun fi buroshi yawa. Bango guda kanta ne tun daga ƙasa har rufi, cike da kwalaben mayonis, kowace da lamba a murfi da garin ƙasa a ciki: ja mai haske, ja mai duhu, rawaya, ruwan hoda, wani shuɗi-shuɗi mai kusa da ruwan hanta, fari, toka-toka.

"Malam, sannu da hanya. Ka lura da bangon Hawan Kibo?"

Na ce na gani, Malama, amma mota ba ta tsaya ba. Ta yi dariya ta ce ai ba a ɗiba a bakin titi, hayaƙi da baƙin mai sun gama da shi.

Abin da ta fara ɗora min a cinya ba zane ba ne, littafin rajista ne irin na 'yan kasuwa. Kowace kwalba tana da shafinta: ƙauyen da aka ɗebo, lambar wurin daga taswirar waya, zurfinsa daga saman rami, watan da aka ɗiba, mai gonar da ya ba da izini, nawa aka ɗebo, nawa ya rage bayan wanki. A ƙasan shafi an shafa launin sau uku, ɗanye da ƙaro, ɗanye da ƙwai, da kuma bayan an ƙona. Ni a nawa ganin, wannan littafi ne ya raba ta da masu cewa suna "aiki da kayan gargajiya". Wanda bai rubuta inda ya ɗebo ƙasa ba, in launin ya ƙare a tsakiyar aiki ya shiga uku, domin taku goma ma kan sauya ja.

Washegari muka nufi wani tsohon rami a wajen Bisichi, kan hanyar Barikin Ladi, mu uku da yarinyar da ke koyon aiki a wurinta. Ba a faɗa wa ramin mutane kai tsaye. Sai an gaida mai unguwa, an nemi mai gonar, an ɗauki ɗan gari guda ya yi rakiya, a kuma biya shi. Tun rikicin Jos na 2001 baƙo da buhu da shebur a bayan gari abin tambaya ne, kuma mai tambayar yana da gaskiya. Lokacin ɗiba daga Nuwamba ne zuwa Maris. Da damina bangon rami yana shan ruwa ya zabtare ba sallama, ko da rani ma ba a tsayawa ƙarƙashin inda 'yan loto suka rarake gindi.

A bangon ramin komai a jere yake. Sama akwai baƙar ƙasar noma ta kamu ɗaya ko biyu, wadda ba ta taɓawa, saboda ruɓaɓɓen ganye yana kashe launi yana kuma jawo fumfuna. Ƙarƙashinta jar ƙasa, sai rawaya, sai wani sashe mai dabbare-dabbare na hoda da ruwan hanta, sai farar ƙasa, can ƙasa kuma tsakuwar da kuza ke ciki. Ja da rawaya duk tsatsar ƙarfe ce. Bambancinsu ruwa ne: rawayar tana riƙe da ruwa a cikin ƙwayarta, jar ba ta da shi. Farar ƙasar kuwa dutsen giranit ne da ya ruɓe, ruwa ya wanke ƙarfen ya bar yumɓu. Takan kankare fuskar bangon zurfin tafin hannu kafin ta ɗiba, sannan ta yi gwaji biyu nan take. Na farko, ta jiƙa ɗan guntu ta murza a kan fasasshen farin tayil. In ta ɗauraye yatsa launin bai fita ba, ƙasar tana da ƙarfi. Na biyu, ta murza ta yi siririn igiya ta naɗe a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, yumɓu ya yi yawa, maginin tukwane zai so shi, amma a fenti zai tsage. Mudu biyu take ɗiba a kowane sashe, a leda biyu, takardar lamba a tsakanin ledojin don kada laima ta cinye rubutun.

A bakin ruwan muka tarar da wani dattijo yana rairayar tsakuwa a kwanon sarki. Yana juyawa yana tsiyayewa har farin yashi ya tafi, baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi yana ƙyalli. Yarinyar ta ce, "Anti, wannan baƙin ai zai yi kyau." Malamar ta girgiza kai, ta tambayi dattijon, "Baba, bayan an cire kuza da kolambait, sauran fa?" Ya nuna wani tari a gefe da haɓa. Wannan tarin ne ba ta yarda ya shiga ɗakin aikinta ba. Dusar kuza ta Filato tana ɗauke da ma'adinai irin su zakon da monazayit, shi kuma monazayit yana da sinadarin toriyom mai fitar da radiyeshan. Ba a gani, ba a jin wari, kuma haɗarinsa ya fi yawa in an niƙa shi an shaƙi ƙurar. Ko ƙasar da ba ta da wannan ma, ƙurar farin yashi in ta daɗe tana shiga huhu tana jawo ciwon da ba ya warkewa. Shi ya sa dokarta uku ce: ba a daka a busashe sai an yayyafa ruwa, ba a daka ba takunkumi, ba a kuma daka a tsakar gida ko da turmin abinci. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba zai ce ta cika tsanani ba.

Wankin ƙasa shi ne rabin aikin, kuma nan ne na fi daɗewa ina kallo. Ana shanya ƙasar ta bushe sarai tukuna, domin busasshen yumɓu ya fi saurin narkewa a ruwa fiye da mai danshi. A farfasa, a tsince saiwa da tsakuwa, a zuba a bokiti: awo ɗaya na ƙasa, awo biyar na ruwa. A bar shi ya kwana. Da safe a dama da sanda har ya yi kauri kamar koko, a ƙirga minti ɗaya, sai a tsiyaye ruwan saman cikin bokiti na biyu ta cikin ƙyalle mai laushi. Abin da ya kwanta a minti ɗayan nan yashi ne. Ba ta zubarwa, tana ajiyewa don wuraren da take son kaushi. Bokiti na biyu a bar shi awa ɗaya, a sake tsiyayewa cikin na uku. Abin da ya kwanta a na biyu shi ne fentin gaske, mai laushi amma ba mai danƙo ba. Na uku yakan yi kwana biyu ko uku kafin ruwan ya washe, kuma abin da ke gindinsa kusan duk yumɓu ne: yana da kyau a shafa shi siriri a kan wani launi, amma in aka yi masa kauri sai ya ja jiki ya tsattsage yana ɓamɓarowa. Ruwan saman bokitin da tiyo ake zuƙe shi, ba a karkata bokitin, in ba haka ba lakar ta sake tashi. Sai a juye lakar a kan ƙyalle da aka shimfiɗa bisa falankin farin simintin POP, wanda ke tsotse ruwan cikin yini guda. Daga mudu biyu na jar ƙasar nan, abin da ta samu a bokiti na biyu bai wuce kofin shayi ba.

Masu gaggawa sukan jefa alam, irin wanda ake sa wa ruwan sha, don lakar ta kwanta da wuri. Tana kwantawa kuwa. Amma in ba a sake ɗauraye ta sau da yawa ba, bayan watanni sai farin gishiri ya feso a fuskar zanen. Haka ma ruwan rijiya mai kanwa-kanwa. Ita ruwan sama take tarawa a durom tun damina, don wankin ƙarshe kawai.

Daga rawaya guda tana fitar da launi uku ko huɗu ta hanyar ƙonawa. Ana baza garin a kaskon ƙasa, kaurinsa kada ya wuce yatsa, a ɗora a kurfoti ana juyawa. Da zafi ya kai tsakanin digiri 250 da 300 na ma'aunin Salshiyas, ruwan da ke cikin ƙwayar ya fita, rawaya ta fara komawa ruwan lemo, sannan ja. In aka ƙara wuta aka daɗe, jan ya yi duhu. Ba ta da ma'aunin zafi, da ido take aiki, tana ɗiban cokali guda duk bayan minti biyar tana jerawa a tayil, domin launin da ke kan wuta ya fi duhu, sai ya huce ainihinsa ke fitowa. Abin da ke ɓata wannan aiki hayaƙi ne. In gawayin bai gama kamawa ba, ko aka rufe kaskon ruf, iska ba ta shiga, sai garin ya fito toka-toka mai datti maimakon ja.

Garin ƙasa ba ya zama a kan komai sai da abin da zai riƙe shi. Nata na yau da kullum ƙaro ne, kuma ƙaron dakwara take nema, irin na Yobe da Barno da Jigawa, mai haske wanda ke narkewa tas. Wanda ya yi duhu, ko wanda ke kumbura a ruwa ya ƙi narkewa, na wata bishiyar ne, yana dusashe launi. Awonta: giram 100 na dakakken ƙaro, mililita 200 na ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Ya kwana, a tace, a sa babban cokali biyu na zuma da ɗigo uku ko huɗu na man kanumfari. Zumar tana riƙe laima don kada fentin ya yi ƙarau ya fashe, kanumfarin yana hana shi tsami. Sai a zuba cokali ɗaya na gari da cokali ɗaya na ruwan ƙaro a kan gilashi mai kauri, a murza da abin niƙa mai lafaffen gindi wajen minti 20. Kunne ne ke gaya maka ya yi: da fari ana jin ƙaras-ƙaras, daga baya sai sautin ya lafa. Gwajin ƙarshe a takarda ne. In ya bushe ka goga yatsa ya biyo ka, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi sheƙi, ka lanƙwasa takardar ya tsage, ya yi yawa. Kowace ƙasa da nata ƙishirwa, kuma wannan ma yana cikin rajista.

Yanayin Jos yana sa awon nan ya zama iri biyu. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busawa, fenti kan bushe a bakin buroshi kafin ya isa allo, don haka zumar cikakkiya ake sawa, a kuma ajiye kwanon ruwa a ɗaki. A Yuli da Agusta kuwa, ruwa ba ya ɗaukewa, zumar nan ce za ta sa zane ya yi ta danƙo, fumfuna ta hau, tururuwa ta biyo. Sai a rage ta zuwa rabi ko a cire.

Manyan ayyukanta da gwaiduwar ƙwai take yi, don in ta bushe ta daɗe ruwa ba ya ɗaga ta da sauƙi. A raba gwaiduwa da farin, a mirgina ta a tafin hannu har ta daina santsi, a huda jakar a tsiyaye cikin, a zubar da fatar. A haɗa da ruwa daidai yawanta, sannan a gauraya da kwaɓaɓɓen gari daidai wa daida. Na yini ɗaya ake haɗawa, gobe ya yi wari. Ba a yi masa kauri, sai dai shafi a kan shafi, siriri-siriri, wani wurin har sau goma. Ƙwai ba ya son abin da ke lanƙwasa, shi ya sa ba ta amfani da yadin zane, sai katakon filawud mai kaurin milimita 12 daga kasuwar Katako. Ana shafe shi da gam gaba da baya, domin in fuska ɗaya aka shafa sai ya gantsare. A manna akoko a kai, sannan a yi masa shimfiɗa: awo ɗaya na farin gam na kafintoci, biyu na ruwa, uku na farar ƙasa da alli a haɗe. Shafi biyar ko shida, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ana goga sanfefa a tsakani. Da hunturu ana lulluɓe allon da zane don kada sama ta bushe ta bar ƙasa da danshi, abin da ke jawo tsaga irin ta gashi.

Na tambaye ta fentin mai, tunda shi masu saye a Abuja suka fi ganewa. Ta miƙo min wani allon gwaji. Ja da rawaya sun yi kyau a man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, har sun ƙara zurfi. Farar ƙasar kuwa ta mutu, ta zama wani abu mai ruwan toka da ake hango katako ta cikinsa. Dalilin shi ne yadda haske ke ratsa yumɓun da yadda yake ratsa man sun yi kusa da juna, sai farin ya ɓace. A ƙaro ko ƙwai, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ce ke sa shi fari. Tunda fari ne ƙashin bayan aikinta, ta bar mai. A gefen allon akwai wani tabo da har yanzu yake kama yatsa: gwajin man gyaɗa ne, wanda ba ya bushewa ko shekara nawa zai yi.

Ƙasar Filato ba ta ba da shuɗi, ba ta kuma ba da baƙi mai tsabta, nan ne ta koma wurin marina da dukawa da malaman allo. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka niƙa shi take yi da ƙaro tamkar ƙasa, in ta haɗa da rawaya ta samu kore mai duhu. Baƙinta iri biyu ne. Akwai tawadar gawayi da ƙaro, wadda rana ba ta kashewa amma ruwa ke wankewa, dalilin da ya sa ta dace da allo. Akwai kuma yambari, na jiƙaƙƙiyar bagaruwa da kashin maƙera. Shi in an shafa fari-fari yake fitowa, sai ya sha iska kwana ɗaya ko biyu ya yi baƙi wuluk. Aibinsa, in ƙarfen ya yi yawa yana cin takarda a hankali har ta huje, don haka a katako kawai take sa shi. A tagar gabas akwai kwali mai layukan launi, rabin kowane layi an rufe shi da baƙar takarda. Ta ɗaga min: bayan wata uku na rana, zoɓo ya koma toka, gangamau ya kusa ɓacewa, karan dafi ya kode, shuni ya ɗan sauka kaɗan, ƙasa kuwa ba ka iya nuna inda aka rufe. Masu sayar da zanen zoɓo da kurkur a matsayin "na asali" ya kamata su riƙa gaya wa mai saye wannan.

Da la'asar muka shiga gidan tarihi na Jos, wanda Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952. Alaƙar aikinta da wurin a fili take, domin ma'aikatan kuza ne suka fara tono mutum-mutumin Nok a 1928, kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya kai farkon al'adar Nok wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin kuma daga wajen 900. Ita ba fuskokin take kallo ba, bakin karaya take leƙawa: yumɓun cike yake da dakakken dutse mai kaushi, cikin kuma rami ne, har idanu da hanci da baki a huje. Tsakuwar tana rage jan jiki wajen bushewa, ramin da hujojin suna ba tururi hanya a wuta. Daga nan ta koyi mayar da yashin bokiti na farko cikin fentin da ke tsagewa. A bayan gidan kuma akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ruwan Jos yakan kai milimita 1,400 a shekara, ya fi na Kano nesa, don haka wurin ya zame mata makaranta kan yadda yaɓe ke jure ruwa da yadda yake sallamawa.

Ba ita ta fara wannan hanya ba, kuma ba ta ce ita ce ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew, Bature maginin tukwane, a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, ta riƙe ginin hannu da zanen Gwari ta haɗa da wuta mai zafi da sheƙi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ma kiransu shi ne a haɗa na gida da na waje. Abin takaici, a hannun da yawa daga cikin na baya kiran ya tsaya a manna dagi a tsakiyar yadi da fentin roba na kanti.

Zanen nata ba shi da mutum ko dabba. Wanda na fi daɗewa a gabansa allo ne mai tsawon santimita 120 da faɗin 90. Daga nesa taswira ce: bakin kududdufi guda kamar yadda yake a hoton tauraron ɗan'adam, an kewaye shi da zobba. Da ka matso sai ka ga kowane zobe sashe ne na bangon ramin nan, a jerinsa na gaskiya, ja a waje, fari a ciki, kuma faɗin kowanne daidai da kaurinsa a ramin bisa awo. Tsakiyar, inda ruwa yake, shuni ne shafi a kan shafi har ya kusa baƙi. A kan farin, da yambari, ta ja siraran layuka miƙaƙƙu masu kusurwa: iyakokin filayen haƙa, da ta kwafo daga tsofaffin taswirori a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. Layukan sun ratsa zobban ba ruwansu da su. Gefen allon ta yi masa ado irin na zayyanar allon sauka, kuma nan ne ban gamsu ba. Na ce mata, Malama, tsakiyar ta riga ta yi magana, adon gefen nan kamar don mai saye aka yi shi. Ta ce wasu sun faɗa, wasu kuma shi suka fara yabawa, tana nan tana dubawa.

Kai irin wannan aiki Abuja yana da nasa sharuɗɗa, ko a gidajen baje zane irin su Nike da Thought Pyramid ne ko a falon mai saye. Zanen ƙwai yana bukatar watanni kafin ya yi ƙwari, kafin nan ko farce ya taɓa shi sai ya bar alama. Na ƙaro dole a sa shi a gilashi, da ɗan katako a tsakani don kada gilashin ya taɓa fuskar. Ba a naɗe shi da leda kai tsaye, domin daga sanyin Jos zuwa zafin Akwanga leda tana gumi. Takarda marar rubutu ake fara sawa, sannan kwali, a tsayar da shi a gefensa, ba a kwantar ba, kuma ba a but kusa da salansa ba. A ɗaki, kada a rataye shi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ko a bangon da ke jikin banɗaki. Ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai buroshi mai laushi. Tana rubuta duk wannan a bayan kowane allo, tare da lambobin kwalaben da aka yi shi da su.

Abin da take bincike a kai yanzu makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da magina ke yaɓe da daɓe da shi, don tana son fentin da zai zauna a bangon waje ba tare da gam na kanti ba. Makubar tana ƙarfafa ƙasa tana rage mata shan ruwa, amma ita kanta ruwan ƙasa-ƙasa ce, kuma tana da irin sinadarin bagaruwa, don haka in ta haɗu da ƙasa mai ƙarfe sai ja ya koma ruwan goro mai duhu, fari ya yi datti. A katangar bayan gida ta kafa alluna 12 suna fuskantar gabas, inda ruwa ke bugowa. Huɗu an kwaɓa ƙasar da makuba tsantsa, huɗu an sirka ta da ruwa rabi da rabi, huɗu kuma makubar tana shimfiɗar ƙasa kawai, launin saman da ƙaro aka ɗaure shi. Ta auna nauyin kowanne ta ɗauki hotonsa kusa da farar takarda, za ta sake awo da hoto a ƙarshen kowane wata daga Afrilu zuwa Oktoba.